Daminar Kudancin Kaduna: Makarantar Mai Zane da Mai Kallon Tsuntsaye

Matafiyin da ya taso daga Kano ko Katsina a watan Agusta, ya ratsa Kaduna, ya bi ta Kachia ya nufi Kafanchan, zai ga ƙasa tana sauyawa a gabansa tun bai kai rabin hanya ba. Gonakin gero sukan ja baya, na citta da doya da gwaza da acca su karɓi wuri. Kwakwar manja takan fara leƙowa daga bakin rafuka, ciyawa ta fi tsayin mutum, can gaba kuma duwatsun Kagoro sun sha rawanin gajimare. Ga manomi wannan lokacin aiki ne ba ji ba gani. Amma akwai wani amfanin gona da damina ke kawowa wanda ba mu cika girbewa ba, wato abin kallo da abin zanawa, da ilimin da ke cikinsu.

Me ya sa ruwa ya fi yawa a nan?

Daga wajen watan Afrilu zuwa Oktoba, iska mai ɗauke da danshi tana tasowa daga Tekun Atilantika ta nufo arewa maso gabas. Idan ta iso kudancin Kaduna sai ta ci karo da gefen tsaunukan Filato, waɗanda duwatsun Kagoro ke cikin jerinsu, masu tsayin sama da mita 1,000 daga doron teku. Ba ta da hanya sai ta hau. Tana hawa tana yin sanyi, tururin da ke cikinta ya dunƙule ya zama gajimare, ya zubo. Shi ya sa Kafanchan da kewaye kan sami ruwan da ya kai ko ya haura milimita 1,500 a shekara, alhali Kano ba ta cika kaiwa 1,000 ba.

A watan Agusta ake shiga marka sosai. Ruwa kan wuni yana yayyafi, wanki ya kwana biyu bai bushe ba, itacen girki ya yi ta hayaƙi. A lokacin ne ruwan Matsirga, kusa da Madakiya, ke kai ƙarshen ƙarfinsa, yana faɗowa daga tsayin da ya kusa mita 30, ana jin rugugin tun daga nesa. Mai son ganinsa sai ya tsaya nesa da baki, domin duwatsun wurin santsi gare su a wannan lokaci.

Launukan da ruwa ke fitarwa

Masu zane sun san cewa hasken damina daban yake da na hunturu. A watan Janairu ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara takan cika sararin sama, ta warwatsa haske, komai ya yi fari-fari, dutsen da ke kusa ma ya dushe. Ruwan sama kuwa wanke iska yake yi. Bayan an ɗauke ruwan la'asar, mutum na iya tsayawa a bayan gari ya ƙirga itatuwan da ke kan dutse. Tuddan da ke nesa sai su yi shuɗi-shuɗi, saboda iskar da ke tsakani ta fi warwatsa shuɗin haske a kan sauran. Wanda ya shafa wa dutsen nesa kore irin na gonar da ke gabansa, zanensa ba zai nuna nisa ba.

Sai kuma ƙasar kanta. Jan da ke cikin marmara tsatsar ƙarfe ce, wadda ruwa da zafi suka daɗe suna bari a baya bayan sun wanke sauran sinadarai. Idan ta jiƙe takan yi duhu, domin ruwan da ya cika ƙofofinta yana riƙe hasken da da zai dawo wa ido. Irin wannan ƙasa ce ake tacewa a ƙasashen waje, a zuba a bututu, a sayar wa masu zane da tsada. A nan kuwa yaro zai iya ɗibar jar ƙasa daga gefen hanya, ya daka, ya tankaɗe, ya dama da ruwan ƙaro, ya sami fenti. Farar ƙasa ta ba shi fari, gawayi ya ba shi baƙi. Ko ɗanyen tohon itacen tik, irin wanda aka dasa a gandun Nimbia, idan aka murza shi a takarda jan launi yake bari.

Damina tana da nata sharuɗɗa. Fentin ruwa ba ya saurin bushewa saboda laima, takarda takan kumbura, littafin da aka jingina da bango kuma fumfuna ta kama shi. Dabarar ita ce ƙaramin littafi a cikin leda, da fensir. A tsaya a rumfa ko ƙarƙashin baranda a ja siffar abu da sauri, a rubuta sunan launi a gefe, a bar shafa fenti sai an koma gida.

Tsuntsaye cikin kayan ado

Mai kallon tsuntsaye ba shi da lokacin da ya fi wannan. Shamuwa kan iso da ruwan farko daga kudancin Afirka, shi ya sa manoma suka daɗe suna ɗaukar zuwanta a matsayin albishir. Daren da aka yi ruwa mai ƙarfi shinge kan fito, washegari shirwa da sauran tsuntsaye su yi ta shawagi suna cafkewa.

Dubi mulufi. Duk tsawon rani namijin ba shi da wani kyan gani, ruwan ƙasa ne mai zane-zane, da wuya a bambanta shi da macen. Damina na kankama sai ya zubar da wannan gashi ya fito da sabo: ƙeya da baya ja wur, fuska da ciki baƙi wuluk. Yakan hau kan doguwar ciyawa a bakin fadama, karan yana lanƙwasa da nauyinsa, ya kumbura gashin wuya, ya tashi a hankali yana kaɗa fiffike a kan ɗan yankin da ya kama. Kaka na wucewa ya koma yadda yake. Haka ma tsuntsayen nan masu saƙa sheƙa: namiji ke tsage ganyen kwakwa ko ciyawa ya saƙa, ya rataye a ƙasan sheƙar yana kururuwa, mace ta zo ta duba. In ba ta yi mata ba, sai ya sake wata.

A kurmin bakin rafi akwai wanda masana ke kira turako, mai jiki shuɗi mai duhu da goshi rawaya. Sai ya buɗe fiffike ake ganin jan da ke ɓoye. Wannan ja na wani sinadari ne mai ɗauke da tagulla, wanda danginsa suka keɓanta da shi a cikin tsuntsaye. Dazuzzukan Kagoro da Nindam kuwa suna cikin wuraren da ƙungiyar BirdLife International ta lissafa a matsayin masu muhimmanci ga tsuntsaye, domin ana samun nau'o'in da asalin mazauninsu kurmin kudancin Najeriya ne. Tun 1986 aka wallafa jerin tsuntsayen dajin Nindam a mujallar Malimbus.

Ƙasar da ta san aikin hannu

Fasaha ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani sassaƙen gasasshen yumɓu a ƙauyen Nok, cikin ƙaramar hukumar Jaba ta yau. A 1943 aka sami wani kan mutum na yumɓu kusa da Jama'a, wanda wani ma'aikacin ma'adinai ya kafa a gonarsa ta doya a matsayin mutum-mutumi, kafin ya kai hannun masanin kayan tarihi Bernard Fagg a Jos. Waɗannan ayyuka sun haura shekara 2,000, kuma a cikinsu har da siffofin dabbobi kamar giwa da biri da maciji. Masu yin su mutane ne da suka ƙura wa halittu ido.

A zamanin nan kuma, layin dogo da ya mayar da Kafanchan mahaɗar jiragen ƙasa a 1927 ya tara ƙabilu daga ko'ina. A nan Uche Okeke, ɗaya daga cikin manyan masu zanen Najeriya, ya tashi ya yi firamare. Shi da su Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu fasaha ta Zariya a 1958, bisa ra'ayin cewa ɗan Najeriya ya koyi dabarar waje amma ya gina aikinsa a kan abin da ke ƙasarsa. Cibiyar al'adu da Okeke ya fara a Kafanchan ita ce daga baya ta zama Cibiyar Asele a Nimo, jihar Anambra.

Zane mai kwanan wata

Abin da ke mayar da zane hujja shi ne a rubuta masa rana da wuri. A 1821 da 1822 mai zane John Constable ya zana gajimare da yawa a Hampstead, kusa da Landan, yana rubuta kwanan wata da sa'a da inda iska ta fito a bayan takardar. A Japan, bayanan ranar da itatuwan ceri ke yin fure a birnin Kyoto sun haura shekara 1,000, kuma da su masana ke nuna yadda ɗumamar yanayi ta sa furen ke fitowa da wuri.

Mu ma muna bukatar irin wannan. Dattawa a Kagoro da Zonkwa da Kwoi kan ce ruwa ya sauya hali, wannan rafi da ba ya ƙafewa, wancan tsuntsu an daina jin kukansa. Gaskiya suke faɗa daga abin da suka gani, sai dai ba a rubuce yake ba. Gatarin masu gawayi da injin masu katako suna cin kurmi, cutar da ta faɗa wa citta a daminar 2023 ta nuna yadda abu kan sauya cikin makonni, rashin tsaro kuma ya sa masu bincike da yawa ba sa iya shiga daji. Mazauna wurin su ne idon da ya rage. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos kuma tana tattara bayanan 'yan sa-kai don taswirar tsuntsayen Najeriya. Ɗalibin da ya rubuta ranar da ya fara ganin shamuwa, ranar da kaɗanya ta fara zubar da 'ya'ya, ranar da mulufi ya yi ja, yana tara abin da babu na'urar da za ta tara masa.

Aikin ba ya bukatar shiga daji ko kashe kuɗi. Filin makaranta, bakin fadama da bayan gida sun wadatar. Kira a nan ga malaman zane da na kimiyya a makarantun kudancin Kaduna, da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan: a ba kowane ɗalibi littafi guda na damina, ya zaɓi itace ɗaya ko rafi ɗaya, ya riƙa zana shi kowane mako yana sa kwanan wata, makaranta kuma ta adana littattafan. Iyaye su ma su daina ɗaukar yaro mai zane a matsayin mai ɓata takarda. A fara daga daminar bana.