Karen Jamus a Ƙasar Masu Ɗori

Aliero gari ne da ya san ƙashi. Daga nesa ake kwaso waɗanda suka karye a kawo wa masu ɗorin garin, kuma sana'ar gado ce, ɗa ya karɓa daga hannun uba. Amma akwai wani ciwon ƙashi da ko gwanin gwanaye ba shi da ta cewa a kansa, domin babu abin da ya karye balle a ɗora. Ciwon yakan iso ne a bayan mota, cikin kwali, a jikin wani kwikwiyo mai manyan dagi da kunnuwan da ba su riga sun miƙe ba.

Karen Jamus ke nan, wanda aka fi sani da karen 'yan sanda. Idan ya cika girma, namiji yakan kai kilo 30 zuwa 40, gadon bayansa baƙi, ƙafafunsa ja-ja, kunnuwa tsaye cak. Yana da kaifin basira, yana da riƙon amana, haushinsa ɗaya ya isa ya sa mai tsallaka katanga ya sake shawara. Shi ya sa mai dukiya a Jega, ko mai gidan gona a hanyar Maiyama, yake aikawa har Jos ko Abuja a sayo masa. Ban ga laifinsa ba. Shari'a ta yarda da ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma malaman Malikiyya suna ba da labarin cewa Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, shi ma ya ajiye kare a gidansa lokacin da tsaro ya taɓarɓare. Inda nake ganin laifi shi ne a sayi rai ba a tambayi asalinsa ba.

Asalin nasa kuwa ba tsoho ba ne. A shekarar 1899 wani hafsan sojan doki na Jamus, Max von Stephanitz, ya ga wani karen kiwon tumaki ya burge shi, ya saya, ya raɗa masa suna Horand, ya kafa ƙungiyar masu kiwon irin. Don siffar ta tsaya, aka riƙa haɗa jinin Horand da jinin Horand, 'ya'ya da jikoki a junansu. Aka samu abin da ake nema. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, gaskiya ne, sai dai hanyar da gudu ke bi ya sauka ga ɗa, ita ce lahani ma ke bi. Daga baya masu gasar nuna karnuka suka fi son mai gangararren baya, suka ƙara wa ƙafafun baya wahala.

Babban abin da yake gada shi ne lahanin kwatangwalo. Kan ƙashin cinya dunƙulalle ne, yana zaune daram cikin wani gurbi a ƙashin ƙugu. A jikin kwikwiyon da ya gaji lahanin, jijiyoyin da ke riƙe gaɓar sakwa-sakwa suke, gurbin ba ya yin zurfi, sai ƙashi ya riƙa gogar ƙashi har guringuntsi ya cinye, amosani ya zauna. Ranar da aka saye shi ba za a ga komai ba. Sai ya kai wata biyar, ko shekara, wani ma sai ya manyanta. A lura da shi da asuba: zai kafa ƙafafun gaba, ya ɗan jira, sannan ya jawo bayansa a hankali. Zai tsaya a gindin matakala yana kallon sama. In ya zabura da gudu, ƙafafun baya biyu tare suke tashi, irin tsallen zomo. Cinyoyinsa su rame, kafaɗunsa su yi kauri saboda su ke ɗauke da nauyin. Ba ya kuka. Wannan shirun shi ya fi taɓa ni, domin shi ke sa mai gadi ya ce, “Alhaji, karen nan fa ya zama malalaci,” a tashe shi da sanda.

Gado ne, amma kiwo na iya rura shi. An yi wani dogon bincike a Amurka a kan karnuka 48 na irin Labrador: aka rage wa rabinsu kashi ɗaya cikin huɗu na abinci tun suna ƙanana. Waɗanda aka rage wa ba su yi fama da ciwon kwatangwalo kamar 'yan uwansu ba, kuma sun fi su daɗewa a duniya da kusan shekara biyu. Mu kuwa burinmu kwikwiyo ya yi ɓul-ɓul, a ce karen gidan wane ya ƙoshi. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. To, abin da yake gani a ƙasa a gidajenmu sauran tuwo ne da miya, miyar kuwa ba ta rasa albasa, balle a Aliero inda albasa ta fi komai araha lokacin kakarta. Albasa, ɗanya ko dafaffiya, tana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. In ta yi yawa sai dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi duhu, ya riƙa haki ba tare da ya yi gudu ba.

Akwai kuma ciwon laka da ke jiran tsufansa, galibi daga shekara takwas. Yakan fara da jan ƙafar baya har faratan su goge a siminti, ya ƙare da shanyewar baya gaba ɗaya. A 2009 masana a Amurka suka gano ƙwayar gadon da ke da hannu a ciki, kuma haɗarin ya fi ga wanda ya gaje ta ta uwa da uba duka. Magani babu.

Wanda ba ya ba da lokaci shi ne murɗewar tumbi. Kare mai zurfin ƙirji ya cika cikinsa da abinci lokaci guda, ya ɗora ruwa, ya hau guje-guje, sai tumbin ya cika da iska ya juya. Cikin ya kumbura ya yi tauri, yawu na zuba, yana kakarin amai ba abin da ke fita. Tiyata kawai ke ceto, cikin 'yan sa'o'i, kuma daga Maiyama zuwa asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato tafiya ce. Raba masa abinci kashi biyu ko uku a rana, da barinsa ya huta bayan ci, ya fi wannan tseren sauƙi.

Sai ƙasar kanta. Gashinsa ninki biyu ne, na sanyin Turai, kuma kare ba ya gumi sai kaɗan ta tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi. A bazara, zafin Kebbi yana haura digiri 40. Duk wanda ya kulle shi a keji mai rufin kwano da tsakar rana, ya san dai wuta ya sa shi. A cikin wannan gashi mai kauri kaska ke fakewa, a kunne da tsakanin yatsu, tana ɗauke da wata cutar jini da aka fara ganowa a Aljeriya a 1935. Karen Jamus ya fi sauran karnuka jigata da ita. Ta kashe karnukan sojan Amurka masu yawa a yaƙin Biyetnam. Zazzaɓi, ƙin abinci, rama, sai haɓo. In an gano da wuri, maganin mako huɗu daga likitan dabbobi yana warkarwa.

A dubi karen mafarautanmu, wanda muke raina wa wayo. Siriri, gajeren gashi, cikinsa a ɗame, ya wuni yana bin zomo a daji ya dawo da ƙafarsa. Ko dogon karen Buzaye na kwarin Azawak, can arewa da Tawa. Ƙasa ce ta tace su, wanda ba shi da ƙwari bai rayu ya haihu ba. Ba wai ba sa ciwo ba ne: zawon jini yana kwashe kwikwiyoyinsu, haukan kare kuma ba ya tambayar asali, shi ya sa allurar rigakafinsa ta wajaba a kan na gida da baƙo. Amma ciwon kwatangwalo ba ya damunsu kamar yadda yake damun manyan karnukan waje.

Mai sayarwa zai ce maka, “Ranka ya daɗe, uban nan daga waje aka kawo shi.” Ka ce a nuna maka uwar, a sake ta ta yi tafiya a gabanka, ta kwanta ta tashi. Ka tambayi ko uwa da uban 'yan gida ɗaya ne, domin inda irin ya yi ƙaranci, wa da ƙanwa ake haɗawa a sayar da 'ya'yan da tsada. In ya fara kame-kame, in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi, ka riƙe kuɗinka. Wanda kuma ya riga ya saya, idan karen ya shekara ɗaya zuwa biyu ya kai shi a ɗauki hoton ƙashin ƙugunsa. In an ga lahani, kada a bar shi ya yi barbara. A rage masa ƙiba har a ji haƙarƙarinsa da hannu, a raba shi da santsin tayil, a fita da shi a kan yashi da sanyin safiya da bayan la'asar, likita ya ba shi maganin raɗaɗi irin na karnuka, ba na mutane ba, domin wasu magungunanmu suna lalata musu ciki da ƙoda. Da irin wannan kulawa, da yawansu suna kai shekara goma a kan ƙafafunsu.