Ganye da tsiro a addinin gargajiya na Yarbawa

A ƙasar Yarbawa, idan za a naɗa wa mutum sarauta, akan tsinko ganyen akoko, wanda Bahaushe ke kira aduruku, a ɗora masa a ka ko a soka masa cikin hula. Kowa ya gan shi da ganyen nan ya san magana ta ƙare, sarauta ta tabbata. Mabiya addinin gargajiyar Yarbawa suna cewa in babu ganye babu orisha, wato abin bauta, domin kusan kowace hidima tasu da tsiro ake yin ta.

Orishan da ganyayyaki ke hannunsa shi ne Osanyin, kuma masu magani da babalawo, malaman duba na Ifa, duk a ƙarƙashinsa suke ɗibar ilminsu na tsirrai. Babalawo da kansa yakan yi duba da ƙwallon kwakwar manja guda 16, waɗanda suke kira ikin. Goron da ake tambayar orisha da shi ba irin mai ɓari biyu ba ne, wanda fatake ke lodawa daga Shagamu zuwa Arewa. Obi abata ne, mai ɓari huɗu. A fasa shi, a watsa a ƙasa, a duba nawa ne suka kife, nawa suka kalli sama, daga nan a karanta amsa. Orisha Shango kuwa namijin goro ake miƙa masa, orisha Ogun kuma da tofon ganyen kwakwar manja ake yi wa wurin bautarsa labule.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne omi ero, ruwan sanyaya zuciya. Ana tara ganyayyaki masu laushi da ruwa-ruwa kamar odundun, tete da rinrin, a murje su da hannu cikin ruwa har ya yi kore, sannan a wanke kan sabon shiga ko kayan bauta da shi. Mai murzawa ba ya yin shiru. Kowane ganye yana da kirarinsa da ake furtawa don a tashe shi aiki, kuma a ganinsu ganyen da ba a yi masa magana ba bai cika magani ba.

Bayin da aka kwasa zuwa Birazil da Kyuba sun tafi da wannan ilmi a kansu, har yau jikokinsu na haɗa ruwan. Pierre Verger, Bafaranshen da ya zama babalawo aka sa masa suna Fatumbi, ya shafe shekaru yana tattara sunayen tsirrai da yadda ake haɗa su, ya fitar da littafinsa Ewé a 1995.

Sai dai littafi ba ya tsiro. Da can kusan kowane garin Yarbawa yana da kurminsa mai alfarma, amma noma, sarar katako da gine-gine sun cinye yawancinsu. Babban wanda ya rage shi ne kurmin Osun da ke Oshogbo, mai faɗin hekta 75, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. Tsirran da ke cikinsa sun haura iri 400, da yawa daga cikinsu na magani. Shi ma bai tsira ba, domin masu haƙar zinariya sun gurɓata kogin Osun da ke ratsa shi.

Ba sai mutum ya yarda da orisha ba kafin ya ga asarar da ke tafe. Wajibi ne gwamnatin Jihar Osun da ta tarayya su tsare wannan kurmi da koginsa.