Daga Birnin Kebbi Zuwa Jidda A Jirgin Sama

Jama'a, kakanninmu da ƙafa suka je Makka, wasu a kan jaki ko raƙumi. Sukan bi ta Barno, da Chadi, da Sudan, har Sawakin a bakin Bahar Maliya. Wani sai ya yi shekaru bai komo gida ba. Yau mutumin Jega, ko Aliero, ko Maiyama, sai ya shiga mota zuwa filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi. Daga nan ne jirgin farko na alhazan Nijeriya ya tashi a shekarar 2024.

To, mene ne nisan tafiyar? Daga Birnin Kebbi zuwa Jidda, in an miƙe sak, kamar kilomita 3,800 ne. Mu kwatanta da abin da muka sani. Nisan nan ya fi na Jega zuwa Birnin Kebbi sau ɗari.

Babban jirgi yana cin kilomita 800 ko fiye a cikin awa guda. Mu raba 3,800 da 800. Mun sami awa biyar ba kwata. In mun haɗa da tashi da sauka, sai mu ce awa biyar. Amma ba kullum jirgi ke samun miƙaƙƙiyar hanya ba. A 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyarta. Dole jiragen alhazai suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo.

Ga abin da ke rikita mutane. Jidda tana gabas da mu, saboda haka rana tana riga fitowa can. Agogonsu yana gaba da namu da awa biyu. In jirgi ya tashi da ƙarfe 8 na safe, zai sauka agogon alhaji na nuna ƙarfe 1. Amma a Jidda ƙarfe 3 ne, la'asar ta kusa. Wanda bai gyara agogonsa ba sai lokacin salla ya kuɓuce masa.

In za a komo kuwa, sai abin ya juya. Jirgin da ya bar Jidda da ƙarfe 8 na safe zai iso nan da ƙarfe 11 na agogonmu. Ba gudu ya ƙara ba, awa biyar ɗin ce dai. Saboda haka in an gaya mana lokacin tashin jirgi, mu tambaya: da agogon wa? In ba haka ba, alhaji zai sauka 'yan tarya suna gida.

Mu gwada wannan a kan allo. Jirgi ya bar Jidda da ƙarfe 2 na rana. Ƙarfe nawa zai sauka Birnin Kebbi da agogonmu?