Wa Ke Riƙe da Makullin Rumbun Bayananmu?

A zamanin da ake rufe ƙofofin birnin Zazzau da dare, kowace ƙofa da sarkinta. Mai tsaron Ƙofar Tukur-Tukur ba shi da ta cewa a Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan. Irin wannan ƙa'ida ce masanan kwamfuta Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka tsara a 1975: ma'aikaci ne ko manhaja, a ba kowa iko daidai aikinsa, ban da ƙari.

Yau bankuna da hukumomi suna zuba bayanan jama'a a rumbunan haya na intanet, irin na Amazon da Google da Microsoft. A can ana mayar da bayanan rubutun sirri, makullinsu kuma a kulle shi da wani babban makulli wanda ba ya barin ma'ajiyarsa. Manhajar da ke son karantawa sai ta nemi a buɗe mata. Abin tambaya shi ne, wa da wa aka yarje wa wannan roƙon?

A 2019 wata tsohuwar ma'aikaciyar Amazon ta kwashi bayanan mutum kusan miliyan 100 daga bankin Capital One na Amurka. Bankin ya kulle bayanansa, ba a ce bai kulle ba. Sai dai izinin da ta samu ta wata kafa ya yi faɗi, har ya kai ga buɗe su. A 2020 hukuma ta ci bankin tarar dala miliyan 80. A ganina laifin kasala ne: injiniya na gaggawa, ya ba manhaja iko a kan komai don aiki ya tafi, ba wanda ya waiwaya ya rage.

Mu ma ba mu tsira ba. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa shafukan da ke sayar da bayanan lambar shaidar zama ɗan ƙasa (NIN) na 'yan Najeriya a kan naira 100.

Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, ko da haya yake yi. Saboda haka mai kula da makulli kada ya zama mai karanta bayanai. Makullin albashi daban, na asibiti daban. Izini ya zo da wa'adi, kowace buɗewa a rubuta ta, ma'aikacin da ya bar aiki kuma a soke nasa ranar da ya tafi, ba sai an yi binciken ƙarshen shekara ba.