Ko Panyi: Ƙauyen Masunta A Bisa Ruwan Teku

A wannan mako za mu kai ku kudancin ƙasar Tailan, lardin Phang Nga, inda muka ziyarci wani ɗan ƙauyen masunta Musulmi da ake kira Ko Panyi.

Ba a zuwa garin sai ta ruwa. Mun shiga kwalekwale mai inji, muka ratsa tsakanin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, har muka hango wani dutse mai tsayi ƙwarai, gidaje sun taru a gindinsa, ƙubbobin masallaci masu launin zinariya sun ɗara dukkan rufin garin. Da muka matso sai muka ga ashe gidajen ba a ƙasa suke ba, a bisa dirkoki aka kafa su cikin teku.

Mutanen garin suna danganta asalinsu ga masunta daga tsibirin Jawa na Indonesiya, waɗanda suka sauka nan wajen ƙarshen ƙarni na 18. Ɗan tudun da ke gindin dutsen bai da yawa, saboda haka suka keɓe shi ga masallaci da maƙabarta, su kuwa suka zauna a bisa ruwa. Wannan zaɓi kaɗai ya isa ya nuna abin da suka fifita.

Titin garin wata siririyar hanya ce, wani wuri katako, wani wuri siminti, ruwa yana motsi a ƙarƙashin ƙafa. Dama da hagu rumfuna ne. Mata suna sayar da busasshen kifi da jatan lande da yadudduka da sarƙoƙin wuya. A gefen gari akwai filin ƙwallo mai yawo a kan ruwa, wanda yaran garin suka fara haɗawa da guntayen katako bayan gasar cin kofin duniya ta 1986.

To, ga abin da ya dace 'yan kasuwarmu su lura da shi. Da rana tsaka jiragen ruwa sukan sauke baƙi masu yawon buɗe ido daga ƙasashe dabam dabam, domin su ci abinci su yi sayayya, kuma yawancinsu ba Musulmi ba ne. Ciniki da su ya zama babbar hanyar samun mutanen garin, tare da su. Duk da haka ba a yarda a sha giya a garin ba, ba a kuma cin naman alade, ko da yake kowa ya san ribar da giya take kawowa a irin waɗannan wurare. Baƙin kuwa ba su fasa zuwa ba.

Sai dai dogara ga baƙo yana da nasa haɗari. A 2020, sa'ad da annobar korona ta sa Tailan ta rufe ƙofofinta, cinikin baƙi ya tsaya cik a duk wannan yanki. Mai koma da kwalekwale ya fi mai rumfa kaɗai samun abin sawa a baki a irin wannan lokaci.

Da la'asar ta yi, baƙi suka watse, aka kira salla, muka bi sahun masu rumfuna ta wannan hanya ta katako zuwa masallaci. Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya tsare mu daga ribar da za ta ci addininmu, amin.