Ɗaya ga Oktoba: Ranar Hawa da Sauka

Idan watan Oktoba ya kama a ƙasar Ɗansoshiya, ba sai an gaya wa manomi ba. Gero ya riga ya shiga rumbu, ana cirar gyaɗa, masara ta bushe a kara, dawa ta fid da kai tana shan raɓa, shinkafar Tudun Wada kuma ta fara ja. Daga Kwanar Ɗangora har Riruwai kowa na hidimar kaka. Ran ɗaya ga wata makarantu da ofisoshi a rufe suke, rediyo sai kiɗan soja da jawabin shugaban ƙasa. Ko yaron da ke aji uku ya san ranar 'yancin kai ce.

Amma wannan rana ta ɗauki kaya fiye da haka. A cikinta aka haifi wasu shahararrun mutane, a cikinta kuma aka yi wasannin da har yau ana ba da labarinsu. In ka jera su ka duba, sai ka ga zare ɗaya ya ratsa su duka. Wani yana hawa, wani yana sauka. Abin da muke so mu duba, mai karatu, shi ne irin saukar da kowannensu ya yi, gama a nan ake gane halin mutum.

Tuta ta sauka, tuta ta hau

Da tsakar daren da ya waye Asabar 1 ga Oktoba 1960, jama'a suka cika filin sukuwa na Ikko, wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Balewa. Aka sauke tutar Ingila, aka ɗaga tuta mai kore da fari da kore. Gimbiya Alexandra ce ta wakilci Sarauniya Elizabeth. Sir Abubakar Tafawa Balewa shi ne Firayim Minista, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello yana Firimiyan Jihar Arewa, Muhammadu Sanusi kuma yana kan gadon sarautar Kano. Turawan da suka ci Kano da yaƙi a 1903 suka miƙa mulki ba tare da an harba bindiga ba. Bayan shekara 3 daidai, ran 1 ga Oktoba 1963, Nijeriya ta zama jamhuriya, Dokta Nnamdi Azikiwe ya zama shugaban ƙasa.

Murnar ba ta daɗe ba. A 1966 soja suka yi juyin mulki har sau biyu, a Janairu da Yuli, manyan shugabanni suka rasa rayukansu. Ran 1 ga Oktoba na shekarar, wasu sojoji a Kano suka yi bore, aka karkashe mutanen Gabas da yawa a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari. Shekara ba ta zagayo ba sai da yaƙin basasa ya ɓarke. Wannan shi ne ribar mulkin da ake ƙwata da ƙarfi: talakan da bai san hawa ba, bai san sauka ba, shi ke biya da jininsa.

Alkawari kaya ne

Da yaƙi ya ƙare a 1970, Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa ta Zariya, ya yi alkawari soja za su koma bariki a 1976. Sai ga shi a jawabinsa na 1 ga Oktoba 1974 ya ce wannan lokaci ba zai yiwu ba, bai kuwa ajiye wata rana ba. Ran 29 ga Yuli 1975, yana taron shugabannin Afirka a Kampala, abokan aikinsa suka tuɓe shi.

Janar Murtala Muhammed, mutumin Kano, ya karɓa. A jawabinsa na 1 ga Oktoba 1975 ya yanke rana, ya ce za a miƙa mulki ga farar hula ran 1 ga Oktoba 1979. Bai ga ranar ba, gama an kashe shi ran 13 ga Fabrairu 1976. Amma mataimakinsa, Janar Olusegun Obasanjo, ya ɗauki kayan alkawarin ya kai shi gida. Ranar da aka ajiye, a filin nan da aka sauke tutar Ingila, ya miƙa wa Alhaji Shehu Shagari mulki, ya koma gonarsa a Ota. A ranar ce kuma Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ya hau kujerar gwamnan Jihar Kano. A zamanin nan, da ƙyar ka ga soja a Afirka ya sauka da ƙafarsa.

Tsohon da ya hana zagaye na 15

Ranar da Murtala ke yanke wa soja rana, can a ƙasar Filifin kusa da birnin Manila, ana wani dambe da ba a manta da shi ba. Muhammad Ali, zakaran duniya, ya kara da Joe Frazier karo na uku. Zagaye 15 aka shirya. Zafi ya yi tsanani, kowannensu ya sha duka har ya galabaita. Da aka gama zagaye na 14, idanun Frazier sun kumbura, da ƙyar yake ganin naushin da ke zuwa. Duk da haka yana so ya tashi ya ƙarasa. Sai mai horar da shi, wani dattijo mai suna Eddie Futch, ya hana shi, ya sa aka tsai da wasa. Ali ya ci.

Frazier bai ji daɗi ba ko kaɗan. Amma dattijon ya taɓa ganin 'yan dambe sun mutu a fage, ya kuwa san minti 3 ɗin da suka rage suna iya raba yaronsa da ido ko da rai. Wani lokaci mutum ba ya ganin cewa lokacin saukarsa ya yi. Mai albarka ne wanda yake da na kusa da shi da zai gaya masa gaskiya.

Bayan shekara 2, ran 1 ga Oktoba 1977, Pele na ƙasar Barazil ya yi wasan bankwana a Amurka. Ya ci kofin duniya sau 3, a 1958 da 1962 da 1970. Ƙungiyoyinsa biyu ne suka kara, Cosmos da Santos. Ya buga wa Cosmos kafin hutun rabin lokaci, har ya jefa ƙwallo a raga, sannan ya sake riga ya buga wa Santos, inda ya fara tun yana yaro. Mutum wajen 75,000 suka hallara, har da Muhammad Ali. Shekarunsa 36, ƙafarsa ba ta mutu ba, amma ya tafi tun jama'a ba su gaji da shi ba. A 1978 ya zo Kaduna ya ɗan taɓa ƙwallo a wasan sada zumunci da Raccah Rovers ta Kano, mutanenmu suka gan shi ido da ido.

Yaron Monrobiya

A Asabar ɗin nan ta 1966 da jini ya zuba a Kano, aka haifi wani yaro a Monrobiya, babban birnin Laberiya, aka sa masa suna George Weah. Kakarsa ce ta rene shi a unguwar talakawa. Ƙwallon ƙafa ta kai shi Faransa da Italiya, a 1995 kuma aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon duniya, abin da wani ɗan wasa mai wakiltar ƙasar Afirka bai taɓa samu ba kafinsa. Yana can yana wasa, ƙasarsa na cin wuta, gama daga 1989 zuwa 2003 yaƙin basasa sau biyu aka yi a Laberiya.

A Janairu 2018 Weah ya zama shugaban ƙasa. A zaɓen Nuwamba 2023 Joseph Boakai ya ka da shi da ratar ƙuri'a kimanin 20,000 kacal. Ratar da ba ta fi haka ba takan sa mai mulki ya ce an yi maguɗi, ya tura matasa kan titi. Weah bai ma jira an gama bayyana sakamako ba. Ya kira abokin takararsa ya taya shi murna, ya roƙi magoya bayansa su haƙura. Mutane sun sha bamban a kan yadda ya riƙe ƙasa, amma saukarsa ta hana zub da jini a ƙasar da ta san ɗacin yaƙi.

Manomin gyaɗa da kurkunu

Na ƙarshe da za mu duba ya kamata ya shiga ran manoman ƙasarmu, gama shi ma manomin gyaɗa ne. An haifi Jimmy Carter ran 1 ga Oktoba 1924 a wani ƙaramin gari mai suna Plains a Amurka. Ya yi shugabancin ƙasarsa daga 1977 zuwa 1981, ya kuma ziyarci Ikko a 1978. A zaɓen 1980 ya sha kaye ƙwarai. Ya koma garinsu, ya koma gidan da yake ciki tun kafin ya hau mulki, ya ci gaba da koyar da makarantar Lahadi a ƙaramar ekklesiyarsu ta Baftis.

Dattawa sun san kurkunu. Mutum ya sha ruwan tafki mai ƙananan ƙwari da ke ɗauke da 'ya'yan tsutsar. Bayan kamar shekara guda sai ƙafa ta yi bororo mai zafi kamar wuta, tsutsa fara mai tsawon kusan mita ɗaya ta fara fitowa. Ana naɗe ta a tsinke kaɗan kaɗan, mako da makonni. Mai ciwo ya tsoma ƙafa a tafki don ya ji sanyi, tsutsar ta zuba 'ya'yanta, cuta ta sake zagayowa. Ta fi kwantar da mutum a lokacin da gona ke nemansa. Ba ta da allura, ba ta da ƙwaya. Maganinta shi ne tace ruwa da ƙyalle, haƙa rijiya mai kyau, da hana mai ciwo shiga tafki.

A 1986 cibiyar da Carter ya kafa ta shiga yaƙi da wannan cuta. A lokacin an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi ke kamuwa kowace shekara a Afirka da Asiya. Binciken da aka yi a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980 ya gano fiye da mutum 650,000. Wa kake tsammani ya shiga ƙauyukanmu yana roƙon hakimai da dagatai su sa hannu? Janar Gowon ne, wanda ya yi nawar sauka a 1974. Allah ya ba shi wani aiki bayan mulki, ya kuwa riƙe shi da aminci. An ga mai kurkunu na ƙarshe a Nijeriya a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa cutar ta ƙare a ƙasarmu. A 2023 mutum 14 kaɗai aka samu a duniya duka. Carter ya cika shekara 100 ran 1 ga Oktoba 2024, ya rasu ran 29 ga Disamba na shekarar. Aikin da ya yi bayan ya faɗi zaɓe ya fi taɓa talakan Afirka bisa ga wanda ya yi a kan kujera.

Mu dawo gida

Wataƙila ka ce, wannan zancen manya ne, ina ruwan mai gona kadada biyu a Kiru ko Bebeji? Ɗan'uwa, kai ma kana da kujera. Mai gida yana da gandu. Ga 'ya'yansa sun yi aure sun haihu, su ke noma tun daga shara har girbi, amma mabuɗin rumbu na aljihun tsoho, ba wanda ya san abin da aka sayar, ba wanda aka yanka wa gayauna. Samari su gaji su tafi ci-rani, ba su dawo ba. Ran da tsoho ya kwanta dama ba tare da ya nuna iyaka ko ya bar wasiyya ba, 'yan'uwa ciki ɗaya su kai juna gaban alƙali. Uwar gida ma haka, in ta ƙi sakar wa surukarta ko da tukunya ɗaya. A ekklesiya kuma akan sami dattijo ko ma'aji ko shugabar zumuntar mata da suka shekara ashirin, ba su horar da kowa ba, kowa kuma na jin nauyin yi musu magana.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu ba. A Maimaitawar Shari'a sura 31, Musa ya kira Joshuwa a gaban dukan jama'a ya ƙarfafa shi tun shi kansa yana da rai. A 1 Sama'ila sura 12, annabi Sama'ila ya tsaya ya nemi duk wanda ya taɓa zalunta ya fito ya faɗa, ba a kuwa sami ko ɗaya ba. Saul ya ƙi yarda lokacinsa ya wuce, ya ƙare kwanakinsa yana farautar Dawuda. Yahaya Mai Baftisma kuwa, da almajiransa suka kawo ƙara cewa jama'a sun koma wurin Yesu, murna ya yi. Ubangijinmu kansa ya bar ɗaukakarsa ya sauko, ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa.

Hausawa sun ce sarki goma, zamani goma. Sauka ba ƙarshen amfanin mutum ba ce. Dawar da ke gonarka yanzu sai an sare ta kafin ta zama tuwo, ta kuma zama irin baɗi.

To, kafin godiyar kaka ta bana, ka tara iyalinka da dare ku karanta surorin nan biyu tare. Ka zaga da 'ya'yanka ka nuna musu iyakar kowace gona a gaban shaidu. In kana riƙe da wani aiki a ekklesiya, ka zaɓi wanda za ka fara koya wa tun bana. Ku kuma, matasa, kada ku fizge abin da za a miƙa muku. Ku yi haƙuri, ku girmama masu furfura, gama ranar saukarku ma tana tafe. Mu yi wa shugabannin ƙasarmu addu'a, Allah ya ba su zuciyar riƙon amana, ya kuma ba su zuciyar sauka lafiya idan lokaci ya yi. Amin.