Amfanin shiga ƙungiyoyin wasanni ga ɗaliban jami'a

Iyaye da dama kan gargaɗi 'ya'yansu da su guji filin wasa da zarar sun samu gurbin karatu a jami'a, don gudun kada ƙwallo ta raba su da littafi. Sai dai ɗalibin da ya shafe shekara huɗu tsakanin aji da ɗakin kwana kawai yana tafka asarar da ba ta fitowa a takardar sakamako.

Amfani na farko shi ne lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma atisayen awa guda sau uku ya wadatar. Hakan na daidaita barci tare da rage damuwa a lokacin jarrabawa.

Sannan akwai tarbiyya. Wanda koci ke jira da sassafe dole ya kwanta da wuri, don haka da wuya ya samu lokacin zama a majalisar 'yan shaye-shaye. A fili ne kuma yake koyon kiyaye lokaci da haƙurin shan kaye.

Haka kuma, gasar wasannin jami'o'in Najeriya, wato NUGA, wadda aka fara a Ibadan a 1966, tana haɗa ɗalibin Bayero ko Ahmadu Bello da takwarorinsa na Nsukka da Ife. Irin wannan sanayya takan yi rana wajen neman aiki ko abokin ciniki.

Sharaɗin dai shi ne karatu ya kasance a gaba. Idan maki ya fara sauka, rage atisaye ya kamata iyaye su nema, ba hana wasan ɗungurungum ba.